Awon Ƙarfin Huhu: Da Ma'aunin Wa Ake Auna Mutumin Kano? Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda aka taɓa turawa gwajin busa a asibiti ya san takardar da ake miƙo masa idan ya gama: jerin lambobi, da zane mai kama da tudu, da wani gurbi da aka rubuta kaso cikin 100. Wannan kason shi mutane suka fi zuba wa ido, alhali ba daga huhun mai gwajin kaɗai yake fitowa ba, domin ana samun sa ne ta hanyar kwatanta abin da ya busa da abin da wasu mutane suka busa a wata ƙasa, a wani zamani. Tambayoyin da ke tafe su ne waɗanda marasa lafiya da 'yan uwansu da ɗaliban aikin lafiya suka fi yi game da wannan kwatancen.

Mene ne gwajin busa, kuma me yake aunawa?

Ana yin sa da na'urar da ake kira sifiromita. Mutum zai zauna a kujera, a matse masa hanci, ya ja iska har ƙirjinsa ya cika maƙil, ya kama bakin bututu da leɓɓansa, sannan ya fesar da iskar da iyakar ƙarfinsa har sai ta ƙare. Lambobi uku ne suka fi muhimmanci. FVC ita ce jimillar iskar da ya fitar, ana lissafa ta da lita. FEV1 ita ce wadda ta fita cikin daƙiƙar farko kaɗai. Ta uku kuwa ana samun ta idan aka raba FEV1 da FVC, wato rabon da ke nuna saurin fitar iskar.

Idan rabon ya yi ƙasa, alama ce ta toshewar hanyoyin numfashi, kamar yadda ake gani a asma da cutar COPD da hayaƙi yake haddasawa. Idan kuma rabon yana daidai amma FVC ta yi ƙasa, ana zargin huhun ne ba ya buɗewa sosai, ko dai saboda tabon da tarin fuka ya bari, ko ƙiba mai yawa, ko wata cutar da ke sandarar da naman huhu. Wannan na biyun zargi ne kawai har sai an tabbatar da shi da gwajin da ke auna dukkan iskar da huhu ke ɗauka.

Ina ake samo lambar da ake cewa ita ce daidai?

Ana tara mutane masu yawa da ake ganin lafiyarsu ƙalau kuma ba sa shan taba, a auna su, sannan a fitar da lissafin da zai faɗi abin da ake sa ran mutum mai tsawo kaza da shekaru kaza zai busa. Wannan lissafin shi ne ma'aunin kwatance, kuma yana cikin kwamfutar na'urar. Tun a 1846 wani likita a Landan mai suna John Hutchinson ya auna mutum fiye da 2,000, ya nuna cewa yawan iskar da mutum ke fitarwa yana bin tsawonsa, yana kuma raguwa da tsufa. Har yau tsawo da shekaru da jinsi su ne ginshiƙan lissafin, kuma babu mai jayayya a kansu. Huhu yana kai wa cikar ƙarfinsa tsakanin shekara 20 da 25, daga baya ya riƙa raguwa a hankali. Gardamar tana kan abu na huɗu da aka daɗe ana cusawa cikin lissafin, wato launin fata ko asalin mutum.

Shin gaskiya ne cewa al'ummomi sun bambanta a wannan awo?

Idan matsakaicin abin da aka auna ake magana, gaskiya ne, kuma an sha ganin haka. Ma'aunin da ya fi shahara a duniya shi ne wanda GLI, wani haɗin gwiwar masu binciken huhu na ƙasashe daban-daban, ta fitar a 2012, wanda aka gina da bayanan mutum fiye da 74,000 daga ƙasashe 26, masu shekara 3 zuwa 95. An kasa su gida huɗu: Turawa, baƙar fatar Amurka, mutanen arewa maso gabashin Asiya, da na kudu maso gabashin Asiya, sannan aka ƙara gurbi na biyar ga duk wanda bai faɗa cikin waɗannan ba. A wannan ma'aunin, baƙar fatar Amurka mai tsawo da shekaru ɗaya da Bature ana sa ran FEV1 da FVC ɗinsa za su gaza na Baturen da kusan kashi 14 zuwa 15 cikin 100.

Wani babban bincike mai suna PURE, wanda aka buga a 2013, ya kwatanta yankuna a ƙasashe 17. Idan aka ɗauki Turai da Arewacin Amurka a matsayin madogara, FEV1 ta mutanen kudancin Asiya ta gaza da kusan kashi 31, ta Afirka kudu da Sahara da kusan kashi 21, ta gabashin Asiya da kusan kashi 13, ta Gabas ta Tsakiya da kusan kashi 11, ta Kudancin Amurka kuma da kusan kashi 6.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin zai sake tasowa: rabon FEV1 da FVC bai cika bambanta ba tsakanin al'ummomin, saboda lambobin biyu tare suke sauka. Don haka gano toshewar hanyoyin numfashi bai cika dogara da ma'aunin da aka zaɓa ba. Inda zaɓin ma'auni yake yin ɓarna shi ne wajen cewa huhu ya ƙanƙance, da wajen faɗin tsananin cuta.

To wannan bambancin daga halitta yake ko daga yanayin rayuwa?

Wannan ita ce tambayar da komai ya rataya a kanta, kuma amsarta ba ta tsaya a gefe guda ba.

Akwai ɓangaren da ya shafi ƙirar jiki. Huhu a cikin ƙirji yake, amma ma'auni da tsawon mutum a tsaye yake aiki, tun daga tafin ƙafa har zuwa ka. Mutum biyu za su iya zama tsawo ɗaya, ɗaya dogayen ƙafafu ne suka kai shi can, ɗayan kuma doguwar gangar jiki, kuma na biyun zai fi girman huhu. A matsakaici, mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi Turawa tsawon ƙafa idan aka kwatanta da gangar jiki. Da aka gwada amfani da tsawon mutum a zaune a Amurka, tazarar da ke tsakanin baƙaƙe da Turawa ta ragu, amma abin da ya ragu bai kai rabinta ba. Akwai kuma bincike na 2010 da ya nuna cewa a cikin baƙar fatar Amurka kansu, yawan gadon jinin Afirka yana tafiya tare da raguwar FEV1, sai dai a ƙasa irin Amurka gadon jini da talauci da irin unguwar da mutum ya tashi sun cuɗanya ta yadda raba su yake da wuya ƙwarai.

Ɓangare na biyu shi ne abin da ya samu huhun tun yana girma, kuma a ganina shi ya fi shafar mu. Ƙarancin abinci ga mai juna biyu, da haihuwar jariri da ƙarancin nauyi, da haihuwar bakwaini, da tamowa, da ƙyanda, da tarin shiƙa, da limoniyar ƙuruciya, da hayaƙin itace da yaro yake shaƙa yana goye a bayan uwarsa a gindin murhu, duk suna hana huhu kai wa girman da ya kamata ya kai. Wanda bai kai ba a shekara 25, da wuya ya cike giɓin daga baya. Wani bincike da aka buga a 2015 ya fito da wannan fili: yaran makaranta na cikin birnin Bangalo a Indiya masu wadatar abinci sun busa daidai da yara 'yan asalin Indiya da suka tashi a Ingila, amma yaran karkarar yankin sun gaza su da kusan kashi 11. Jini ɗaya ne, rayuwa ce ta bambanta. A wannan shekarar kuma aka buga sakamakon bin diddigin yara a kudancin Kalifoniya, wanda ya nuna cewa da iskar garuruwan ta ƙara tsabta, girman huhun yaran da suka biyo baya ya ƙaru.

Idan aka ɗora wannan a kan ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018, wadda ta nuna cewa fiye da rabin yaran jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, za a ga hatsarin da ke cikin cewa duk abin da yawancin mutanenmu suka busa shi ne lafiya. Abin da aka saba gani daban, abin da ya kamata a gani daban.

Tsayin ƙasa ma yana da tasiri, domin mutanen da suka tashi a tsaunukan Andis da Tibet, sama da mita 3,000, huhunsu ya fi girma. Kano ba ta kai mita 500 sama da teku ba, don haka wannan bai shafe ta ba.

Yaushe aka fara rage wa baƙar fata lamba, kuma me ya sa abin ya zama abin gardama?

Tarihin ba mai daɗin ji ba ne. A shekarun 1850 wani likita a jihohin kudu na ƙasar Amurka, Samuel Cartwright, ya yi iƙirarin cewa huhun baƙar fata ya gaza na Bature da kashi 20, kuma ya kafa hujja da haka wajen kare bauta, yana cewa aikin tilas yana da amfani ga jikin bawa. A 1869 Benjamin Gould ya buga awon sojojin yaƙin basasar Amurka, shi ma ya ba da rahoton ƙarancin iska ga baƙaƙen sojoji, ba tare da duba irin rayuwar da mutanen da ba su daɗe da fita daga bauta ba suka yi. Daga nan maganar ta shiga littattafan likitanci a matsayin bambancin halitta.

A 1974 aka buga binciken da ya ba da lambar kashi 13 a matsayin abin da za a riƙa ragewa, sannan a 1978 dokar Amurka kan ƙurar auduga a masaƙu ta tanadi a rage kashi 15 daga lambar da ake sa ran baƙin ma'aikaci zai busa. An yi hakan ne a lokacin don kada a hana baƙaƙe aiki bisa cewa huhunsu ya gaza. Amma ragin yana da kaifi biyu: baƙin ma'aikacin da ƙura ta cinye masa huhu sai ya fi abokin aikinsa Bature lalacewa kafin takarda ta yarda cewa ba shi da lafiya, kuma kafin ya cancanci diyya.

Ana iya ba da misali da lambobi?

A ƙaddara wani magidanci daga Gwammaja ya busa FVC lita 3.6. Idan na'urar tana kan ma'aunin Turawa, kuma ta sa ran lita 4.7 daga mai tsawonsa da shekarunsa, takarda za ta nuna kashi 77, a ce huhunsa ya gaza. Idan aka sauya ta zuwa ma'aunin baƙar fatar Amurka, abin da ake sa rai ya koma kusan lita 4.0, sai takarda ta nuna kashi 90, a ce lafiyarsa ƙalau. Mutumin bai tashi daga kujerarsa ba. Abin ya yi kama da buhun gero guda da aka auna da kwanon awo biyu masu girma daban.

An ga wannan a zahiri a Najeriya. A wani binciken cututtukan huhu mai suna BOLD da aka yi a Ile-Ife kan manya, da aka yi amfani da ma'aunin Turawan Amurka, fiye da kashi 70 na mutanen sun fito a matsayin masu ƙarancin FVC. Da aka koma ma'aunin baƙar fatar Amurka, adadin ya sauka ƙasa da kashi 20, da aka ɗauki ma'aunin da aka gina a Kamaru kuma ya koma kashi 3 zuwa 4. Babu mai hankalin da zai yarda cewa mutum 7 cikin 10 a gari guda suna da cutar huhu da ke buƙatar magani, amma shi ma kashi 3 ɗin bai kamata a karɓe shi ido rufe ba, domin idan kowa a yanki ya tashi cikin hayaƙi da ƙarancin abinci, ma'aunin da aka gina a yankin zai ɓoye illar.

Tunda mu baƙar fata ne, ba sai a danna gurbin baƙar fata a wuce wurin ba?

Haka ake yawan yi, amma ya kamata a san abin da ke cikin wannan gurbin na ma'aunin GLI. An gina shi da bayanan mutum kusan 3,500, dukkansu 'yan Amurka, babu mazaunin Afirka kudu da Sahara a cikinsu. Baƙar fatar Amurka kuwa suna da gaurayen jinin Turawa, kuma abincinsu da iskar da suke shaƙa ba irin namu ba ne.

Da aka gwada ma'aunin a Afirka, sakamakon ya rarrabu. Wani bincike na 2017 kan yaran makaranta a Angola da Kwango ta Kinshasa da Madagaska ya samu cewa gurbin baƙar fatar Amurka ya dace da yaran da ba su da tamowa. A Afirka ta Kudu kuwa an samu cewa gurbi na biyar, wato na sauran jama'a, shi ya fi dacewa da baƙaƙen ƙasar. A arewacin nahiyar, inda GLI ta sanya Larabawan Magrib cikin Turawa, an samu ma'aunin ya dace a Aljeriya amma bai dace ba a Tunisiya, alhali maƙwabtan juna ne. Nahiyar da ta fi kowace bambancin gadon jini tsakanin mutanenta ba za ta shiga gurbi guda ba.

A Najeriya an daɗe ana ƙoƙarin samar da ma'aunin gida. Femi-Pearse da Elebute sun buga awon manya masu lafiya tun 1971, kuma a 2017 an buga wani sabon lissafi na manyan 'yan Najeriya. Matsalar ita ce yawancin na'urorin da ake shigowa da su ba sa zuwa da waɗannan a cikinsu.

Akwai bambanci tsakanin Bahaushe da Bafillatani da Babarbare da mutumin Kudu?

Babu ɗaya daga cikin ma'aunan duniya da yake da gurbin ƙabila irin wannan, kuma ban ga hikimar neman sa ba. A birni irin Kano, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana auratayya tsakanin Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Buzaye da Larabawa, sunan ƙabilar da mutum zai faɗa a bakin tebur ba ya faɗin tsawon gangar jikinsa. Idan aka kwatanta mutum biyu, ɗaya ya tashi a gidan da ake girki da gas a Nasarawa, ɗayan a ɗakin da ake hura kara a ciki lokacin sanyi, tambayar yadda suka tashi ta fi tambayar ƙabilarsu amfani ga likita. Ɗan Sabon Gari da aka haifa a Kano iskar Kano ya shaƙa, ko daga ina kakanninsa suka zo.

An ce yanzu an daina amfani da launin fata. Gaskiya ne?

A 2022 GLI ta fitar da sabon ma'auni guda ga kowa, wanda ake kira GLI Global, ta hanyar haɗa bayanan rukunonin nan huɗu tare da daidaita nauyinsu don kada Turawa su rinjaye. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka, ATS, ta ba da shawarar a daina saka launin fata cikin fassarar gwajin. Hujjarsu ita ce bincike ya nuna cewa baƙin mutumin da tsohon ma'auni ya ce lafiyarsa ƙalau yakan kasance da haki da haɗarin mutuwa irin na Baturen da ya busa adadin iska daidai da nasa, wanda shi kuma an ce masa ba shi da lafiya.

Sauyin ba ƙarami ba ne. Wani ƙiyasi da aka buga a 2024 ya nuna cewa a Amurka kaɗai matsayin mutum kusan miliyan 12.5 zai sauya idan aka koma sabon ma'auni. Baƙaƙe da yawa za su shiga sahun masu rauni, abin da zai buɗe musu ƙofar magani da diyya, amma zai iya rufe musu ƙofar wasu ayyuka kamar kashe gobara. Ya kamata kuma a lura cewa sabon ma'aunin da tsofaffin bayanan nan aka gina shi, ba a ƙara mutanen Afirka kudu da Sahara ko na Indiya ba. An cire tambayar launi, amma ba a auna mu ba.

To wanne ya kamata a yi amfani da shi a Kano?

Ra'ayina shi ne abu uku sun fi zaɓin kansa muhimmanci. Kowane ɗakin gwaji ya tsaya a kan ma'auni guda, ya rubuta sunansa a kan takarda, domin wanda aka auna a wani asibiti da ma'aunin Turai na 1993, aka sake auna shi a wani da gurbin baƙar fatar Amurka, zai ga kasonsa ya tashi ya ɗauka magani ne ya yi aiki. Sannan idan sakamako ya faɗo a bakin iyaka, likita ya duba shi da ma'auni fiye da ɗaya, ya kuma koma kan mara lafiyan: yana haki idan ya hau bene, yana tarin dare, ya taɓa shan maganin tarin fuka, me hoton ƙirjinsa ya nuna? Na uku, a riƙa kwatanta mutum da kansa. Wanda FEV1 ɗinsa ta sauka daga lita 3.2 zuwa 2.7 cikin shekara 2 yana da matsala ko da kowane ma'auni ya ce yana cikin iyaka, domin raguwar tsufa ba ta wuce kimanin mililita 30 a shekara ga wanda ba ya shan taba.

Idan dole a zaɓa, ina ganin GLI Global ya fi aminci ga mai alamun ciwo, saboda kuskurensa yana karkata ne zuwa ƙarin bincike, ba zuwa sallamar mara lafiya ba. Amma ga wanda ba ya jin komai, aka auna shi don neman aiki kawai, ƙaramar gazawa a wannan ma'aunin ba ta isa a ce masa yana da cuta ba.

Takardata ta nuna kashi 78. An ce duk abin da bai kai 80 ba cuta ne.

Wannan tsohuwar ƙa'ida ce da aka riƙe saboda sauƙinta. Faɗin abin da ake ɗauka daidai yana sauyawa da shekaru, don haka kashi 78 zai iya zama lafiya ga dattijo mai shekara 70, ya zama abin dubawa ga saurayi mai 22. Ƙa'idar da ATS da takwararta ta Turai, ERS, suka fitar a 2022 ta ce a yi amfani da makin z, wato lambar da ke nuna nisan sakamakon mutum daga matsakaicin masu lafiya irinsa, inda ƙaramar iyaka take a -1.645. Ma'anar wannan iyakar ita ce mutum 5 cikin kowane 100 masu lafiya za su faɗo ƙasa da ita ba tare da wata cuta ba.

Mahaifiyata ba ta san ainihin shekarunta ba. Hakan zai ɓata gwajin?

Zai iya ɓata kason, kuma wannan matsala ce da ta fi gardamar launin fata yawan aukuwa a wurinmu. Idan aka rubuta wa Hajiya shekara 55 alhali ta kai 68, na'urar za ta sa ran iskar da ta fi ƙarfin shekarunta, sai takarda ta nuna rauni da babu shi. Ku taimaka wa ma'aikacin da abin da ta tuna, kamar ko an haife ta kafin samun 'yancin kai a 1960, ko shekarunta nawa lokacin da aka naɗa Sarki Ado Bayero a 1963. Masu shekarun takarda da suka bambanta da na haihuwa su ma su faɗi na gaskiya a ɗakin gwaji.

Tsawo ma haka yake. Dole a auna shi a ranar, ba takalmi, ba hula, ba ɗaurin ɗankwali mai tudu, kada a tambayi mutum ya faɗa da baki, domin kuskuren santimita 3 ko 4 ya isa ya tsallakar da sakamako daga wannan gefen iyaka zuwa wancan. Idan Hajiya ta ranƙwafa saboda tsufa ko tana da doro, ana auna faɗin hannuwanta a miƙe daga yatsa zuwa yatsa a maimakon tsawo.

Hazo da sanyin hunturu suna sauya sakamako?

Ba sa sauya ma'aunin, amma suna iya sauya abin da mutum zai busa. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, tana tayar da asma da mura, kuma a lokacin ne ake rufe tagogi a hura gawayi ko a kunna turaren wuta a ɗaki. Mai asmar da aka auna a Janairu zai iya busa ƙasa da abin da zai busa a Agusta. Wanda yake cikin mura ko tari mai zazzaɓi ya bari ya warke kafin gwajin da ba na gaggawa ba. Ita ma na'urar tana buƙatar sanin zafin ɗakin don gyara lissafinta, kuma ana gwada ingancinta kullum da sirinji mai lita 3.

Ina aiki cikin ƙura. Me wannan magana take nufi gare ni?

Ma'aikatan masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, da masu injin niƙa, da masu shiƙa da dakon hatsi a Dawanau, da masu fasa dutse, da kafintoci, da masu gidan burodi, da matan da ke suyar ƙosai da safe, da direbobin A Daidaita Sahu da ke wuni cikin hayaƙin titi, su ne suka fi buƙatar awo tun suna da lafiya. Awon farko da aka yi kafin fara aiki, ko a shekarun farko, shi ne hujjar da ta fi kowane ma'aunin waje ƙarfi, domin da shi za a nuna abin da mutum ya rasa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, kuma wanda ya adana takardunsa na shekaru ya fi wanda ya zo da takarda ɗaya tsayuwa da ƙafafunsa.

Yara fa, musamman masu sikila?

Yawancin yara suna iya yin gwajin daga shekara 5 ko 6 idan aka samu ma'aikaci mai haƙuri. Sikila tana taɓa huhu, kuma wani bincike na 2019 ya samu cewa yara masu sikila a arewacin Najeriya sun fi takwarorinsu 'yan asalin Afirka da ke Ingila raunin huhu, wanda ya sake nuna tasirin abinci da samun magani. Ga gwajin da ke auna shigar iska cikin jini, wato DLCO, dole a gyara sakamakon da yawan jinin yaron, in ba haka ba ƙarancin jini zai fito kamar cutar huhu. Ma'aunin GLI na wannan gwajin, na 2017, da bayanan Turawa kaɗai aka gina shi.

Yaya zan shirya, kuma me zan tambaya idan an miƙo mini takarda?

Kada a sha taba ko shisha aƙalla awa 1 kafin gwaji, kada a cika ciki, a sassauta ɗaurin zane ko tazuge, a fitar da goro daga baki. A tambayi likita ko za a dakatar da maganin shaƙa, domin idan ana son ganin tasirinsa, irin su Ventolin ana barin su awa 4 zuwa 6. A faɗa wa ma'aikacin idan an samu bugun zuciya ko an yi aikin ido cikin makon da ya wuce, ko aikin ciki ko na ƙirji cikin wata guda, ko ana tarin jini, ko ana zargin tarin fuka, ko ciki ya tsufa. Macen da take jin nauyin yin busa mai ƙarfi a gaban namiji ta nemi a haɗa ta da ma'aikaciya, domin busar da aka yi da jin kunya tana fitowa kamar ƙaramin huhu. Ana buƙatar busa 3 masu kyau, kuma biyun da suka fi girma kada tazararsu ta wuce mililita 150.

Idan takarda ta fito, a duba ko tsawo da shekarun da aka rubuta daidai ne, a tambayi sunan ma'aunin da aka yi amfani da shi da gurbin da aka danna, a nemi a nuna lambobin lita ba kaso kaɗai ba, sannan a ɗauki hoton takardar da waya a ajiye don ranar da za a sake gwajin.